Mayaƙan Ƙarƙashin Teku: Tarihin Zaratan Sojojin Ruwan Rasha

Kwaɗayin zinariya ne ya fara koya wa Tarayyar Sobiyet aikin nutso. A watan Nuwamba na 1854, ana tsaka da Yaƙin Kirimiya, guguwa ta farfasa jiragen ruwan Ingila a bakin Balaklava, cikinsu har da wani sabon jirgi mai suna Prince. Tun daga nan jita-jita ta bazu cewa jirgin ya nutse da albashin sojojin Ingila, tsabar zinariya. A 1923 gwamnatin Kwaminisanci, wadda yaƙin basasa ya bar baitulmalinta a bushe, ta sa hukumar 'yan sandan ciki ta kafa wata ƙungiya mai suna EPRON domin ta ɗebo dukiyar. Zinariyar da ake ta faɗi dai ba a same ta ba. Abin da aka samu shi ne makarantar koyar da nutso a Balaklava, da ɗaruruwan samari waɗanda suka saba da sanyi da duhun ƙasan teku, suka ƙware wajen tsamo jiragen da suka nutse. Daga cikin waɗannan ma'aikata ne, ba daga barikin soja ba, aka samo mayaƙan ƙarƙashin ruwa na farko na Sobiyet.

Ranar 11 ga Agusta 1941, kwana 50 bayan Jamus ta afka wa Sobiyet, aka ba da umarnin kafa wani kamfani na musamman mai mutum 146 a birnin Leningrad, ƙarƙashin sashen leƙen asirin rundunar Tekun Baltik. Wani laftana mai suna Ivan Prokhvatilov aka ɗora a kansu. Ba a yi wata guda ba Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya, ƙawanyar da ta kai kwana 872. Ta tudu babu mafita, jiragen yaƙi kuma an toshe su a tasha da nakiyoyi. Hanyar da ta rage ta sanin abin da abokin gaba ke shiryawa a gaɓar teku ita ce a tura mutum ta cikin ruwa.

Kayan aikinsu abin tausayi ne. Na'urar numfashin da suke sawa an yi ta ne domin ma'aikatan jirgin ƙarƙashin teku su kuɓuta idan jirginsu ya lalace, sai aka yi mata kwaskwarima. Sau da yawa ba ninƙaya suke yi ba, tattaki suke yi a ƙasan ruwa da dalma ɗaure a jiki, su fito gaɓa cikin dare, su ɓoye kayan, su ƙirga igwa da jirage, su koma yadda suka zo. Babban abin da suka yi wanda duniya ta shaida ya faru ne a 1944. Ranar 30 ga Yuli wani ƙaramin jirgin sintiri na Sobiyet ya nutsar da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-250 a mashigin Finlan, a wurin da ba shi da zurfi sosai. Masu nutso suka shiga cikinsa, cikin gawawwaki, igwar abokan gaba na yi musu ruwan wuta daga gaɓa, suka fito da takardun sirri. Daga baya aka ɗago jirgin ɗungurungum aka ja shi zuwa Kronstadt. A cikinsa aka tarar da sabon makamin tofido na Jamus wanda ke bin ƙarar farfelar jirgi da kansa, makamin da ya addabi jiragen rakiyar Ingila a Tekun Atlantika. Sai da Churchill da kansa ya rubuta wa Stalin yana neman a ba shi guda. Stalin bai bayar ba, amma ya yarda ƙwararrun Ingila su zo su duba.

A can arewa mai nisa, inda iyakar Rasha ta haɗu da Nowe, akwai wata tawagar dabam ta 'yan leƙen asirin rundunar Arewa, kuma a nan ne aka samu mutumin da har gobe Rashawa ke ɗauka uban wannan sana'a. Viktor Leonov, wanda aka haifa a 1916, bakanike ne a jirgin ƙarƙashin teku kafin ya nemi a mayar da shi wannan tawaga. Aikinsu shi ne ƙananan jirage su sauke su a bayan layin Jamusawa, su yi kwanaki cikin duwatsu da ƙanƙara suna sa ido kan jiragen da ke wucewa, wani lokaci su sato soja da rai domin a yi masa tambayoyi.

A Oktoba 1944 Sobiyet ta so ƙwace tashar Liinakhamari a yankin Petsamo, inda Jamus ke kwasar ma'adinin nikel da take ƙera makamai da shi. Matsalar ita ce wani tsauni mai suna Krestovy da ya tsaya a bakin mashigin, an girke manyan igwa a kansa, duk jirgin da ya doso sai ya sha wuta. Ta gaba ba ya ciwuwa. Sai aka sauke mutum 195 a wani wuri mai nisa, tawagar Leonov da ta Kyaftin Barchenko-Yemelyanov, suka yi kwanaki suna ratsa duwatsu da fadamu, ba su kunna wuta ba ko sau ɗaya, suka ɓullo wa igwar ta baya cikin daren 12 ga wata. An yi gaba da gaba, har da wuƙa da gindin bindiga. Jamusawa suka ƙetaro da ƙarin sojoji suka matsa musu lamba, amma igwar ba ta sake samun sukunin kare mashigin ba, kuma a daren da ya biyo baya jiragen Sobiyet suka kutsa tashar. An ba Leonov lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet. A 1945 aka kai shi gabas, a Agusta ya jagoranci sauka a tasoshin arewacin Koriya da Japan ke riƙe da su, ya sake samun lambar karo na biyu. Labarin da ya fi shahara a kansa, wai ya shiga hedikwatar Japanawa a Wonsan da 'yan mutane kaɗan ya tilasta wa dubbai miƙa wuya, daga bakinsa ya fito, kuma a lokacin Sarkin Japan ya riga ya sanar da saranda. Krestovy kuwa ba ta buƙatar ƙarin gishiri.

Abin mamaki, yaƙi na ƙarewa aka watsa su. A ƙarshen 1945 aka rushe kamfanin Prokhvatilov, tawagogin sauran rundunoni ma suka bi sahu. Manyan hafsoshi na ganin lokacin zaman lafiya ba a buƙatar irinsu, hankalinsu na kan manyan jirage. A ganina wannan shi ne halin da ya bi tarihin rundunar tun daga farko har yau: ana tuna ta idan wuta ta kama, a manta da ita idan ta mutu, gwanintar da aka saya da jini ta bi ruwa.

Sai a 1953 aka dawo da su, bayan an nazarci abin da Italiyawa suka yi a yaƙin. Mutum 6 kacal, bisa tofido 3 da ake hawa, suka shiga tashar Iskandariyya ta Masar a Disamba 1941 suka naƙasa manyan jiragen yaƙin Ingila biyu. Aka buɗe sansanin farko a Sebastopol, na biyu a Parusnoye kusa da Baltiysk a 1954, na uku a 1955 a gabas mai nisa, wanda daga baya ya zauna a tsibirin Russky kusa da Vladivostok. Sunan da aka ba su ba ya nuna komai, wai tashoshin leƙen asirin ruwa, kowace da lambarta. Uwar gijiyarsu ita ce GRU, hukumar leƙen asirin soja.

Ana cikin haka aka yi babban rashi. Da tsakar daren 29 ga Oktoba 1955 wani abu ya fashe a ƙarƙashin Novorossiysk, babban jirgin rundunar Bahar Aswad, yana tsaye a cikin tashar Sebastopol. Jirgin asalinsa na Italiya ne, Giulio Cesare, an ba Sobiyet shi cikin diyyar yaƙi. Kusan awa uku ya yi yana shan ruwa, manya suka ƙi ba da umarnin a kwashe mutane, har ya kife. Sama da mutum 600 suka mutu, wasu a kulle cikin cikinsa. Kwamitin gwamnati ya ce tsohuwar nakiyar Jamus ce da ta kwanta a laka tun lokacin yaƙi, kuma bayan haka an tsinto irinta da dama a tashar. Amma zargin cewa masu nutson Italiya ne suka zo ɗaukar fansa bai taɓa mutuwa ba, ko da yake ba a taɓa kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne tashar a buɗe take a daren, tsaronta sakaka. Shugaban sojojin ruwa, Admiral Kuznetsov, ya rasa kujerarsa, aka rage masa muƙami.

Wata shida bayan haka, a Afrilu 1956, shugabannin Sobiyet Khrushchev da Bulganin suka kai ziyara Ingila cikin jirgin yaƙi Ordzhonikidze. Hukumar leƙen asirin Ingila ta tura tsohon gwanin nutso Lionel Crabb ya dubo ƙasan jirgin a tashar Portsmouth. Ya shiga ruwa bai fito ba. Bayan wata 14 aka tsinci wata gawa cikin kayan nutso, ba kai ba hannuwa. Firayim Minista Eden ya sha kunya a majalisa. Su kuwa Rashawa darasin da suka ɗauka shi ne ko a ziyarar zumunci akwai mai leƙen ƙasan jirginka.

Daga waɗannan abubuwa ne aikin ya rabu gida biyu, kuma masu ba da labari kan cakuɗa su. Akwai masu kai hari, wato tashoshin leƙen asirin nan, waɗanda aka horar domin idan yaƙi ya ɓarke da ƙungiyar NATO su riga kowa isa: su dasa nakiya a jirage, su lalata na'urorin sauraren da aka shimfiɗa a ƙasan teku, su nuna wa jiragen sama inda za su jefa bam. Akwai kuma masu gadi, rundunonin da aka fara kafawa a ƙarshen shekarun 1960 da ake taƙaita sunansu da PDSS, aikinsu farautar masu nutson abokan gaba a kewayen tasoshi. Sojojin ruwa masu baƙar hula da ake gani a fareti, waɗanda ke sauka gaɓa da tankoki, su dabam ne, yawansu ya ninka na waɗannan sau da yawa.

Horon masu kai harin ya cancanci a tsaya a kansa. Hanyar fita daga jirgin ƙarƙashin teku ba tare da ya taso sama ba ita ce ta bututun harba tofido, mai faɗin santimita 53, bai kai bakin durom ba. Mutum biyu ko uku za su shiga su kwanta a jere da kayansu, a rufe ƙofar baya, duhu ya rufe su, a fara cika bututun da ruwa. Ba magana, sai ƙwanƙwasa ƙarfe: bugu kaza na nufin lafiya, bugu kaza na nufin akwai matsala. Idan na gaba ya firgita ya maƙale, na baya ba shi da hanya. Na'urar numfashinsu irin wadda ba ta fitar da kumfa ce, tana tace iskar da mutum ya fitar ta mayar masa, domin kada mai gadi ya ga alama a saman ruwa. Amma iskar oksijin zalla guba ce idan aka zarce wani zurfi, tana sa mutum farfaɗiya, kuma farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa ajali ce. Ban da wannan ana koya musu dira da laima, da aikin rediyo, da harhaɗa nakiya.

Makamai ma sai da aka ƙera musu nasu. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, harsashin bindiga na yau da kullum ba ya zuwa ko'ina a cikinsa. A 1971 aka ba su ƙaramar bindiga SPP-1 mai baki huɗu, a 1975 kuma APS, wadda injiniya Vladimir Simonov ya tsara, mai cin harsashi 26. Harsashin dogon siririn ƙarfe ne mai tsawon santimita 12, yana iya kisa daga nisan mita 30 idan zurfin bai wuce mita 5 ba. A tudu kuwa ba ta da saiti, kuma saurin lalacewa take yi. Aka yi musu abin hawa mai suna Sirena da ke ɗaukar mutum biyu, aka kuma gina ƙananan jiragen ƙarƙashin teku biyu samfurin Piranha da ƙarfen titaniyam a ƙarshen shekarun 1980. Su ma ba su yi shekara 10 cikakku suna aiki ba aka yanka su. Har dabbar dolfin aka horar a Sebastopol tun shekarun 1960 domin ta gano mai nutso da nakiya, abin da Amurka ma take yi.

Yaƙin da aka shirya su dominsa bai zo ba, saboda haka yawancin abin da ake faɗi a kansu na zamanin Yaƙin Cacar Baki zato ne. Suwidin ta kama jirgin ƙarƙashin tekun Sobiyet dumu-dumu a Oktoba 1981, ya maƙale kan dutse kusa da sansaninta na Karlskrona. Bayan haka ta yi shekaru tana farautar wasu, ana ta maganar ƙananan jirage da sawun da suka bari a ƙasan teku, amma ba a kama ko ɗaya ba, kuma daga baya bincike ya nuna wasu daga cikin ƙararrakin da aka naɗa na dabbobin ruwa ne da garken kifi. Tsoron da sunansu ke jefawa ya yi wa Mosko aiki fiye da abin da aka tabbatar sun aikata.

Inda aka gan su a fili, a Afirka ne. Daren 5 ga Yuni 1986 masu nutson gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka shiga tashar Namibe a kudancin Angola suka manna nakiyoyi a jirage uku. Jirgin Kyuba mai suna Habana ya nutse, na Sobiyet biyu, Kapitan Vislobokov da Kapitan Chirkov, suka yi mummunar lalacewa. Aka ɗauko masu nutso daga rundunar Bahar Aswad suka zo suka yi fama da nakiyoyin da ba su tashi ba. Aiki ne na jarumta, amma ihu ne bayan hari, kamar dai na 1955. Su ne kuma, bisa labarin tsofaffinsu, suka yi gadi a ƙarƙashin jiragen Sobiyet a Malta a Disamba 1989, lokacin ganawar Gorbachev da Bush. Jirgin yaƙin da Sobiyet ta kai wurin sunansa Slava. Shi ne aka sake wa suna Moskva, wanda ya nutse a Bahar Aswad ranar 14 ga Afrilu 2022.

Rugujewar Sobiyet a 1991 ta yi musu illar da abokin gaba bai yi musu ba. Sansanin farko na 1953 ya riga ya girma ya zama birged ta 17, mafi girma a cikinsu, tana zaune a wani ɗan tsibiri kusa da Ochakov. Da aka raba gado sai tsibirin ya faɗa cikin Yukiren, birged ɗin ta yi mubaya'a ga sabuwar ƙasar a 1992, waɗanda ba su yarda ba suka tattara suka koma Rasha. Ita ce yau cibiya ta 73 ta zaratan sojojin ruwan Yukiren. Malamai ɗaya suka koyar da ɓangarorin biyu, littafi ɗaya suka karanta. A Yuli 2022, bayan Rasha ta janye daga Tsibirin Maciji da ke Bahar Aswad, mayaƙan wannan cibiya na cikin waɗanda suka je suka kafa tutar Yukiren a kansa.

Waɗanda suka rage wa Rasha kuwa, an yi ta kashe su a inda bai dace ba. A 1995 an tura wasunsu Checheniya tare da sojojin ruwa masu baƙar hula, ƙasar duwatsu da ba ta da teku. A yaƙin Yukiren ma an sake ganin irin haka, zaratan rundunoni na yaƙin ramuka da na tituna saboda ƙarancin ƙwararrun sojojin ƙasa. Mutumin da aka yi shekaru ana koya masa fita ta bututun tofido, harsashin igwa ba ya bambanta shi da wanda aka ɗauka jiya. Wannan almubazzaranci ne da rayuka, kuma laifin na masu ba da umarni ne.

A yaƙi da 'yan fashin teku an ga rundunar ruwan Rasha da ƙarfinta, ko da yake a nan masu baƙar hula ne ke gaba. A Mayu 2010 sun ƙwato jirgin dakon mai Moscow University daga hannun 'yan fashin Somaliya, ma'aikatansa 23 duka da rai. 'Yan fashi 10 da aka kama aka zuba su cikin kwale-kwale a tsakiyar teku ba na'urar gane hanya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wannan hukunci ne ba tare da shari'a ba, kuma bai kamata nasarar ceton ta rufe shi ba. A Oktoba 2021, a nan mashigin Gini, jirgin yaƙi Vice-Admiral Kulakov ya kori 'yan fashi daga jirgin kwantena MSC Lucia da ya taso daga Togo zuwa Kamaru.

Jarrabawa ta gaskiya ta zo wa masu gadin ne a gida. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna an girke kejin dolfin a bakin tashar Sebastopol a farkon yaƙin 2022, ga raga, ga masu nutso, ga bindigogin harba gurneti cikin ruwa. Duk an tanade su ne domin mutum mai iyo da nakiya a bayansa. Wanda ya zo kuwa ba mutum ba ne. Ranar 29 ga Oktoba 2022, shekara 67 cif da kifewar Novorossiysk, ƙananan kwale-kwale marasa matuƙa, cike da nakiya, ana sarrafa su daga nesa, suka kai hari tashar. A Yuli 2023 irinsu suka bugi gadar Kerch mai haɗa Kirimiya da Rasha. A watannin farko na 2024 suka nutsar da Ivanovets, da Tsezar Kunikov, da Sergey Kotov. Yukiren, ƙasar da kusan ba ta da jiragen yaƙi, ta tilasta wa Rasha kwashe yawancin manyan jiragenta daga Sebastopol zuwa gabashin tekun. Bindigar APS ba ta da amsar wannan.

Inda Rasha ke zuba kuɗi da mafi ƙwarewar hafsoshinta yanzu ya fi ƙarfin huhun mai nutso. Akwai wata hukuma ta binciken zurfin teku mai suna GUGI, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro kai tsaye. Duniya ta ɗan leƙa cikinta ranar 1 ga Yuli 2019, da gobara ta tashi a ƙaramin jirginta mai aiki da nukiliya da ake wa laƙabi da Losharik, a Tekun Barents. Mutum 14 suka mutu, 7 daga cikinsu masu muƙamin kyaftin mai daraja ta ɗaya, wanda ya yi daidai da kanar. Jirgin da ake cika shi da manyan hafsoshi haka ba ƙaramin aiki yake yi ba. GUGI ce kuma ke da jirgin Yantar, wanda Rasha ke cewa na binciken kimiyya ne, ministan tsaron Ingila kuwa ya shaida wa majalisa a Janairu 2025 cewa taswirar wayoyi da bututan ƙasan teku yake zanawa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi kada ya ɗauka wannan rigimar Turawa ce kawai. Sama da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin intanet tsakanin nahiyoyi ta waɗannan wayoyi suke bi. Ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu suka katse a tekun Kodebuwa, intanet ya tsaya cak a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta rikice a Najeriya da Gana, aka yi makonni ana gyara. Wancan karon an kyautata zaton motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku, ba hannun kowa a ciki. Amma wayoyin suna nan kwance ba mai gadinsu, kuma Rasha da Amurka suna cikin ƙasashe ƙalilan da suka mallaki jiragen da za su iya sauka har inda suke.